Ranar da Na Tashi Ceton Bashiru a Ƙasar Ƙanƙara

Tun da na dawo ban huta ba. A kasuwar shanu, a bakin masallaci, har a wurin zaman makoki sai wani ya matso ya ce, "Alu, wai ƙaƙa ƙasar take?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara. Kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri, alhali ni na riga na zuba wanda ya isa. To ga shi a rubuce, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da cinikina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Alu Dillali na Gummi. Daga Anka zuwa Bukkuyum, ka zagayo har garinmu, babu mahaluƙin da ya kai ni iya magana. Na taɓa sayar wa mutum sa, ya biya, ya yi mini godiya, sai da ya kai gida matarsa ta gaya masa ai nasu ne. Na taɓa shiga tsakanin makiyayi da manomin da aka cinye wa gona, aka tashi manomin ne ke ba da haƙuri. Ban taɓa buɗe baki a taro na koma gida da kunya ba. Ku riƙe wannan.

Abin da ya fitar da ni kuwa Bashiru ne, ɗan yayana marigayi. Ni na riƙe shi tun yana rarrafe. Yaro ya yi karatu, ya yi karatu, har makarantun ƙasar nan suka gaji da shi, aka ɗauke shi zuwa Norway. Yana can ya daidaita da Hauwa'u, malamar asibiti a Bukkuyum, 'yar Alhaji Mande na Adabka. Suna son juna, kowa ya sani. Sai muka hau babura, ni da dattawan gidanmu, muka sha gargadar hanyar Adabka, muka je neman aure.

Alhaji Mande manomin dawa ne, mutum ne da magana ke yi wa tsada. Ya bar ni na yi ta zuba, na yabi yaro, na yabi kakanninsa, na yabi har jakin gidanmu. Da na tsaya shan numfashi sai ya ce, "Mi as sana'atai?"

Na ce, "Alhaji, dakta za shi zama."

"Daktan mi?"

Na ce, "Na ƙanƙara."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ƙanƙara ciwo take yi?"

Na fara kewaye-kewaye, don gaskiya ni ma ban sani ba. Ya ɗaga hannu. Ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da baffansa ma bai iya faɗin aikinsa ba. Ya ce akwai wani mai harkar zinariya a Anka da ya turo tun bara, shi ko ba komai an san abin da yake wankewa. "Tahi ka gano da idonka, ka zo ka hwaɗa min. In aiki na, na ba shi. In zaman banza na, ku yi haƙuri."

Allah da ikonsa, lokacin ya zo daidai da gama karatun Bashiru, ya turo takardar gayyata. Wahalar fasfo da biza ba zan ba ku labarinta ba, don kada ku yi kuka.

Ranar tafiya Inna, tsohuwarmu, ta cika mini jaka: kilishi, daddawa, yaji, kuka. Ta ce, "Ka ce ma mijin nawa, in ya bari wanga aure ya kuɓce, kada ya dawo min da wata jar mace da ba ta iya tuƙa tuwo ba. Ni kaɗai na ishe shi." Ita da jikan nata haka suke tun yana goye.

A motar Gusau aka haɗa ni kujera da wani mai haƙar zinariya da ya fito daga wajen Duza, jikinsa duk jar ƙasa. Kafin mu kai Anka ya san inda za ni, kafin mu wuce ya san dalili. Ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, Bature ba ya kashe dukiya a banza. Duk inda ka ga sun taru suna auna ƙasa, akwai abu a ƙarƙashi. Ka duba mini. In ka ga farin dutse mai jijiya, ka sako ɗan guntu a aljihu." Na yi masa alkawari. Direba kuwa, duk shingen da muka tarar sai ya leƙa ya ce wa jami'ai, "Mai zuwa Turai na ɗauko!" Wannan bai sa an bar mu mun wuce da wuri ba. Abin da ya jawo shi ne a kowane shinge ni ake fara saukewa.

Jirgi ba ni da abin cewa a kansa, sai dai na karanta duk abin da na haddace, da wanda ban haddace ba. Aka sauke mu a wata ƙasa, muka yi tafiyar ƙasa a cikin gini guda wadda ta kai daga Gummi zuwa Gwashi, muka hau wani jirgin.

A bakin iyakar Norway ba mutum ne ya tare ni ba, kare ne. Ɗan ƙarami, mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, wai ma'aikaci ne. Ya wuce mutum ɗari ya zo ya zauna gaban jakata kamar wanda na yi wa alkawari. Ina ja da baya ina kare alwalata, yana matsowa. Wata jami'a ta zo ta buɗe jaka, ta ɗaga kilishin Inna da yatsu biyu. Na ce a raina, Alu, ga ranar sana'arka. Na tattaro Turancina na firamare da na rediyo, na yi mata bayani cewa wannan ba nama ba ne, ya daina zama nama tun da rana ta gasa shi. Na yago ɗan gefe na miƙa mata ta ɗanɗana. Ta yi murmushi mai kyau, ta ce ta gode, ta jefa shi duka a kwandon shara. Da murmushin. A wurinmu in za a cuce ka akan ɗaure fuska tukuna, ka san abin da ke tafe.

Sai ta kwance ƙullin daddawa. Karen ya yi atishawa ya koma bayan ƙafarta. Ta tambaye ni wace dabba ce wannan, kuma yaushe ta mutu. Na rantse mata ɗan itace ne. Ta kira wani, shi ma ya kira wani, a ƙarshe suka ɗaure mini abata da kansu, suka nuna mini ƙofa da sauri.

Ƙofar ta buɗe da kanta, na sa ƙafa waje. Jama'a, abin da muke kira sanyi a nan wasan yara ne. Wannan ya shiga ta hannun babbar rigata ya fita ta ƙafar wando, ya tsaya a hanya ya gaisa da kowane ƙashi. Na hango Bashiru ya taho da gudu da wata riga mai kama da katifa. Na buɗe hannu zan rungume shi, takalmina na fata ya taka ƙasa mai sheƙi, sai ga ni ina kallon sama, hulata tana tafiya ita kaɗai. Ya ce, "Bappa, sannu! Ba ka ji ciwo ba?" Na ce, "Wa ya ce maka faɗuwa na yi? Ƙasar nake dubawa."

Masaukinsa ɗaki ne da in ka yi miƙa sai ka nemi gafarar bango. Madafa ɗaya suke haɗawa da maƙwabta. Da safe na fito na tarar da wani dogon saurayi yana dafa ruwa, na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi sanyi, na tambayi iyali da mutanen gida. Ya ɗauki butarsa tun ruwan bai tafasa ba ya shige ɗaki, na ji ya murɗa makulli. Bashiru ya ce shekararsu biyu tare, kuma suna shiri sosai, shi ya sa ba sa damun juna. A motar haya ma haka. Na shiga na yi sallama da ƙarfi, kowa ya dubi takalminsa. Kujera mai cin mutum biyu, mutum ɗaya ne a kai, sauran suna tsaye, don kada a takura wa juna. Na tuna motar Gusau, inda muka zauna mu huɗu a gaba har da akuya.

Rana kuwa a lokacin sanyi ma'aikaciyar gwamnati ce: ta makara, ta leƙo, ta tashi da wuri. Ina sallame azahar, ban gama naɗe darduma ba Bashiru zai ce la'asar ta yi. In ɗan gyara zama, magariba. Ban taɓa yin ibada a jere haka ba tun da aka haife ni. Abinci kuma burodi ne mai sanyi, safe da rana, da wani abu ruwan ƙasa da suke yankawa sirara su ɗora a kai. Na ɗauka sabulun wanki ne. Cuku ne wai, kuma zaƙi gare shi. Sai kifi da dankali, ba yaji, ba mai, kamar abincin wanda aka yi wa aiki a ciki. Ranar da na kaɗa mana miyar kuka da daddawar Inna, dogon saurayin nan ya fito daga ɗakinsa ya buɗe tagogi duka, cikin wannan sanyi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jarirai. Za ka ga an jera su a keken turawa a ƙofar shago, a waje, iyaye suna ciki suna shan shayi. Na tsaya gadin wasu har uwar ɗaya ta fito ta dube ni kamar ni ne abin tsoron.

Sai ga ranar da na zo dominta: ganin wurin aikin Bashiru. Na sa wando uku, don na ɗauka kan ƙanƙarar za mu hau. Muka shiga wani gini mai ɗumi, muka hau bene, ya buɗe ƙofa. Tebur, kujera, kwamfuta. Na ce, "To, mu je." Ya ce, "Bappa, ai mun zo."

Ya zaunar da ni ya kunna. Ya ce can ƙarshen duniya ta kudu akwai ƙasa guda da ƙanƙara ta rufe, tsayinta ya fi duk dutsen da na taɓa gani. Ƙanƙarar tana malalowa a hankali zuwa teku. In ta iso baki ba ta karyewa nan take, sai ta miƙe a kan ruwa tana iyo, gindinta yana manne da ta tudu. Ya ce, "Ka san kwalekwalen da ake jawo kansa kan yashi a bakin gulbinmu, rabinsa a tudu, rabi a ruwa?" Na ce na sani. Ya ce, "In gulbi ya ƙaru fa?" Na ce ruwa ya ɗaga shi, inda yake dafe da yashi ya ja baya, in ba a yi hankali ba ya tafi. Ya ce to wannan wurin da ƙanƙara ke rabuwa da ƙasa ta fara iyo, shi yake bi. In teku ya ƙaru ko ya ragu, ina wurin zai koma? Domin wadda ke iyo ita ke tokare ta tudu, kamar gungumen da ake tokare katangar da ta fara rinjaya. In tokarar ta yi rauni, ta bayan ta taho, teku ya ƙara cika, garuruwan bakin ruwa irin su Legas su shiga uku.

Ya danna wani abu, sai zane ya motsa, fari yana ja da baya, shuɗi yana bin sa. Ya ce shekaru ɗaruruwa ke nan suka wuce a gabana. Ya sake dannawa da wani lissafin, farin ya tsaya cak. Ya ce abin mamaki, in ƙanƙara ta ragu, nauyi ya sauka, ƙasar da ke ƙarƙashinta tana ɗagowa kamar katifar da aka tashi daga kai, ruwan da ke kusa da ita ma ya ɗan ja baya, sai na nesa ne ke samun ƙarin. Aikinsa shi ne ya koya wa kwamfuta ta haɗa duka biyun.

Na ce, "Madalla. To yaushe ka je can na ƙarshe?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Bappa, ban taɓa zuwa ba."

"Ba ka taɓa ganin ta ba?"

"A hoto dai. Wasu ke zuwa su auno, tauraron ɗan'adam ma yana aunowa, mu mu yi lissafi."

"A wannan akwatin?"

Ya ce a'a, wannan saƙo kawai take aikawa. Babbar kwamfutar da ke lissafin tana wani gari. Na ce ita fa, ka gan ta? Ya ce ita ma bai taɓa gani ba.

Na ji zufa ta karyo mini cikin wando uku. Na hango kaina a zauren Alhaji Mande ina cewa yaro yana kiwon abin da bai taɓa gani ba, da sandar da bai taɓa riƙewa ba. Na ce, "Bashiru, wannan magana ta mutu a ɗakin nan. Ko Hauwa'u kada ta ji." Ya ce ai ta sani. Na ce to ubanta kada ya ji.

Ana haka malamarsa ta shigo, farfesa guda, da hular keke a hannu. Na miƙe zan rusuna, sai na ji Bashiru ya kira ta da sunanta tsirara, kamar ƙanwarsa. Na taka masa ƙafa. Ita kuwa ko a jikinta, har ta haɗo mana shayi da hannunta. Ita ce ta ce bikin gama karatunsa da za a yi gobe za a nuna shi kai tsaye ta waya, duk wanda ke gida zai iya kallo.

Nan dabara ta zo mini. Na tambayi Bashiru me ake yi a bikin. Ya ce zai yi bayani, manyan malamai biyu daga wasu ƙasashe su yi masa tambayoyi, shi ke nan. Na ce a raina ai saukar karatu ce: yaro ya karanta 'yan ayoyi, malamai su gyaɗa kai, a yi addu'a, a ci abinci. Wane bayani zan yi wa Alhaji da ya fi ya gani da idonsa? Na buga waya gida, na sa aka ɗauko shi daga Adabka, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu, aka kawo shi zaurena a Gummi. Na ce a kira liman, a kira abokaina na kasuwa, a shimfiɗa wa Inna tabarma daga ciki inda za ta ji.

Washegari na sha babbar riga mai aiki, na zauna a layin gaba. Aka haɗa ni da wani Dakta Isufu, mutumin Maraɗi da ke aiki a garin, don ya riƙa fassara mini. Bashiru ya fito cikin baƙar kwat, ya yi bayani, farin nan ya ja da baya, shuɗi ya bi shi. Na waiga wajen na'urar ɗaukar hoto na gyara hula, don mutanen Gummi su san ina nan.

Sai wani tsoho ya tashi, dogo, gashin girarsa kamar gemun masara. Ya buɗe littafin Bashiru, duk ya cike shi da 'yan takardu masu launi. Ya yi magana a hankali. Na ce, "Isufu, addu'a ya fara?"

Isufu ya ce, "A'a. Ya ce shafi na kaza bai gamsar da shi ba."

Bashiru ya amsa. Tsoho ya girgiza kai ya sake magana.

"Ya ce me?"

"Ya ce lissafin ya ɗauka ƙasan ƙanƙarar sumul yake, alhali wataƙila duwatsu ne da kwazazzabai. In haka ne, rabin sakamakon ya tashi aiki."

Na ce, "A gaban mutane yake faɗin haka?"

Isufu ya ce, "Ai aikinsa ke nan. Don haka aka biya masa jirgi."

Aka ɗauko mutum tun daga wata ƙasa don ya zo ya tozarta maraya! Tsoho ya yi ta yi, ya gaji ya zauna, wata mata ta karɓa, ita ta ma fi shi. Malamar Bashiru tana zaune tana murmushi. Babu wanda ya ce a yi haƙuri, babu wanda ya ce ya isa haka. A garinmu ko ɓarawo aka kama, in an ɗan taɓa shi akan sami dattijon da zai ce a bar shi haka. Ni kuwa ba abin da nake gani sai fuskar Alhaji Mande a zaurena, da mai zinariyar Anka yana gwada sabuwar hula.

Tsohon ya sake miƙewa ya jefo wata tambayar. Bashiru ya dubi allo, ya faɗi kalmomi kaɗan. Waɗannan ban nemi fassara ba, Turancina ya kai nan. Cewa ya yi bai sani ba.

Isufu ya riƙe mini riga, ya ce, "Malam Alu, don Allah zauna, haka ake yi." Na fizge. Na taka har gaban tsohon, na cire hula, na durƙusa. Na ce, "Isufu, fassara, kada ka rage ko ɗaya." Kuma da Hausa na yi, da muryar kasuwar shanu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne uban yaron nan, don ubansa ya rasu. In ya yi kuskure, ni na yi. Ka dubi girman Allah ka dubi furfurarka. Yaron nan a Gummi aka haife shi, inda ƙanƙara sai a cikin leda. In taku tana narkewa, wallahi ba shi ya narkar da ita ba. Kana tambayarsa abin da ke ƙarƙashinta, yaron da ko samanta bai taɓa gani ba! Bai taɓa zuwa ba! Ko injin da ke yi masa lissafin bai taɓa gani ba! Kuma aure yake nema, surukinsa yana cikin akwatin can yana kallo. Ku rufa mana asiri, in an watse ku yi masa faɗan a ɗaki."

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa.

Isufu ya fassara. Ɗakin ya yi tsit. Sai wani ya fashe da dariya daga baya, sai duka, mutanen da ko a mota ba sa ɗaga kai. Bashiru ya sauko daga inda yake, bai yi dariya ba, bai ɗaure fuska ba. Ya sa hannu biyu ya ɗaga ni, ya ɗauki hulata ya karkaɗe ya sa mini, ya ce a hankali, "Bappa, na gode. Zauna, an kusa gamawa."

Tsohon ya share hawayen dariya ya yi magana, Isufu ya juya mini. Wai shi ya je can sau da yawa, ya kwana a tanti a kanta, amma ƙarƙashin nan shi ma bai taɓa gani ba, kuma tambayar da ya yi shi kansa bai san amsarta ba, so yake ya ji ko yaron zai ƙirƙiro. Wai tun kafin su hau jirgi sun karanta littafin sun amince da shi, ba a kiran taro sai aiki ya yi kyau. Na ce, "To duk wannan wulaƙancin na mene ne?" Isufu ya ce, "Shi ne girmamawar."

Aka ba Bashiru dakta. Da yamma aka yi walima, tsohon nan ya zauna kusa da ni yana ta zuba mini dankali, ya ce ranar da aka yi masa nasa, da ya sami baffa irina da ya ji daɗi. Na tambaye shi, saboda alkawari, ko akwai farin dutse mai jijiya a can. Ya ce akwai duwatsu, amma an hana haƙa. Mutumin Duza, in kana karantawa, na isar da saƙonka.

Ban kunna wayata ba sai da na sauka Abuja. Ashe duk abin da aka yi a ɗakin nan da Turanci aka yi shi, mutanen zaurena ba su tsinci komai ba, suna ta gyangyaɗi. Abu ɗaya tak suka ji da Hausa, tas, daga farko har ƙarshe. Tun daga tashar Gummi yaran mota suka fara durƙusa mini suna cire hula. Inna ta ce, "Kai da an ka aika ka gyara, ka tahi ka kwance ma yaro zane a kasuwa. Kuma ina kilishina?"

Na kwana biyu ina shirya jawabi, na hau babur zuwa Adabka. Na tarar da Alhaji Mande a gindin rumbu yana duba dawa. Muka gaisa. Na gyara murya na ce, "Alhaji, game da abin da ka ji..."

Ya ɗaga hannun nan nasa.

Ya ce, "Bai taɓa ganin ƙanƙarar ba."

Na ce, "Wato, Alhaji, in an duba ta wata fuskar..."

"Na jiya. Kai kah hwaɗa." Ya murza dawa a tafinsa ya hure. "Ni ban jin Turanci, huska nika kallo. Na ga tsoho ya tashi tun daga wata ƙasa saboda aikin yaro. Ba a yin haka don zaman banza. Na ga sun matsa mai tun hantsi, bai ɗaga murya ba. Sannan na ga abin da kay yi mai gaban duniya, yaz zo yaɗ ɗauke ka da hannu biyu, har da karkaɗe hula. Wanda yad daure ma wannan, babu abin da Hauwa'u za ta yi mai shi kasa daurewa. Na ba shi."

Na ji wani sanyi, irin na kirki wannan karon. Na ce, "Alhamdu lillahi! Ka gani, Alhaji, da ma dabara ce na yi. Kuma ranar ɗaurin aure, in Allah ya kai mu, jawabin da zan yi..."

Ya ce, "Alu."

Na ce, "Na'am, Alhaji."

"Ranan kai za ka raba goro. Magana a samo wani."